Tiyatar Ƙashin Baya: Ƙaramin Tabo Ba Shi Ne Lafiya Ba

Akwai wani nau'in bidiyo da ya daɗe yana yawo a TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp na dangi. Za a nuna an turo dattijo a keken marasa lafiya, sai a nuna likita yana kallon allo yana juya wani siririn bututu, daga nan sai ga dattijon da yamma yana takawa a barandar asibiti yana ɗaga hannu, a gadon bayansa an manna ɗan filasta da bai fi faɗin katin ATM ba. A ƙasan bidiyon akwai lambar WhatsApp ta wani asibiti a Indiya ko Masar ko Dubai. Duka-duka abin bai wuce daƙiƙa 40 ba.

Dattijon da ke fama da ciwon baya a Zandam ko a wani ƙauyen ƙaramar hukumar Gwaram ba shi ne ke ganin wannan bidiyo ba. Ɗansa ne ko jikansa, mai riƙe da Tecno ko Infinix, wanda a yanzu ya zama mai ba gida shawara a kan komai, daga kuɗin taki zuwa maganin hawan jini. Idan aka dawo daga Asibitin Tarayya na Birnin Kudu da takardar turawa zuwa Kano, shi ake miƙa wa takardar a ce ya duba a waya. Abin da ya faɗa bayan ya duba yana iya sa a sayar da shanun noma ko a jinginar da gona. Wannan ba ƙaramin nauyi ba ne a wuyan ɗan shekara 22.

Matsalar ita ce matashin yana shiga maganar tiyata da tunanin da yake shiga kasuwar waya ta Farm Center da shi: sabon samfuri ya fi tsoho, siriri ya fi mai kauri, mai kyamara ya fi marar kyamara. Da wannan ma'auni, tiyatar huda, wadda ake zura kyamara ta ƙaramar ƙofa, ita ce sabuwar waya, tiyatar buɗe baya kuwa ta zama tsohuwar Nokia. Ma'aunin bai dace ba. Girman yankan da aka yi a fata yana cikin abubuwan da suka fi ƙarancin tasiri a kan ko mutum zai koma gona bayan shekara guda. Tambayoyin da suka fi shi nauyi su ne ko mutumin yana bukatar tiyata tun farko, me za a yi a ciki bayan an shiga, hannun wa zai yi, kuma wa zai duba shi idan wani abu ya taso bayan wata biyu.

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora wani a kan wani, tsakanin kowane biyu akwai wani faifai mai taushi da ke aikin matashi, cikinsa danshi-danshi, bayansa tauri. Ta tsakiyar jerin akwai rami da laka da jijiyoyi ke bi, daga nan jijiyoyin ke fita gefe-gefe su sauka ƙafafu. Da shekaru suka ja, faifan yana bushewa ya lotsa, gaɓoɓin baya su yi kauri, jijiyar da ke ɗaure ƙasusuwan ta kumbura ta ciki. Daga nan ake samun manyan matsaloli biyu. Ta farko, cikin faifan ya ɓullo ya danne jijiya guda, sai mutum ya ji zafi kamar wutar lantarki daga ɗuwawu har tafin ƙafa. Ta biyu, ramin ya tsuke gaba ɗaya, sai tsoho ya kasa doguwar tafiya: daga gida zuwa masallaci sai ya tsaya ya zauna, ƙafafu sun yi nauyi, amma idan ya sunkuya ko ya hau keke sai ya ji sauƙi. Manomin da ya shekara 40 a duƙe da fartanya a gonar gero da gyaɗa da riɗi, da uwar da ta shekara 40 tana daka da ɗaukar ruwa a ka, sun san waɗannan alamomi ko da ba su san sunayensu ba.

A nan ne na'ura ta farko ke ruɗa mutane, wato hoton MRI. Rahoton da ke fitowa da shi cike yake da kalmomin Turanci masu ban tsoro, kuma da zarar matashi ya kwafa su ya zuba a Google ko ya tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira, sai ya ga kamar bayan Baba ya gama rugujewa. Amma a 2015 wasu masu bincike ƙarƙashin jagorancin Waleed Brinjikji sun tattara hotunan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan. Sun samu alamun tsufan faifai a kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20, da kashi 96 cikin 100 na 'yan shekara 80. Kumburin faifai kuwa, kashi 30 a matasan, kashi 84 a tsofaffin. Wato da za a ɗebi dattawan da ke zaune lafiya a ƙofar gidan dagaci a saka su a na'urar, kusan kowa zai fito da rahoto mai tayar da hankali. Yawancin abin da hoton ke nunawa furfura ce ta ciki. Likitan kirki yana haɗa hoton da abin da ya gani a jikin mutum: wace ƙafa, wane yatsa ne ya mutu, ina ƙarfi ya ragu. Asibitin da ya ga hoto ta WhatsApp kawai, bai taɓa majiyyaci ba, ya turo farashin tiyata a dala cikin awa biyu, ya riga ya nuna abin da yake sayarwa.

Ko da faifai ya ɓullo da gaske, jiki kan yi maganin abinsa. Bincike da dama da aka bi mutane da hoto bayan hoto sun nuna ɓangaren da ya ɓullo yakan tsotse da kansa a mafi yawan lokuta. A ƙasar Holan an yi wani gwaji da aka buga a 2007, inda aka raba mutum 283 masu zafin ƙafa na mako 6 zuwa 12 gida biyu: wasu aka yi musu tiyata da wuri, wasu aka ci gaba da magani da jira. Waɗanda aka yi wa tiyata sun fi saurin samun sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma bayan shekara guda, kusan kashi 95 cikin 100 na kowane ɓangare sun ce sun warke, kuma fiye da rabin masu jiran ba su taɓa shiga ɗakin tiyata ba. Tiyatar a nan lokaci take saya. Ga wanda zafi ya hana shi barci wata uku, wannan lokaci yana da daraja, kuma ba laifi ya zaɓe ta. Sai dai ya san abin da yake saya.

Su waɗanda tiyata ta zama musu dole, su ne ake yi wa gardamar huda ko buɗewa. Bidiyon talla yana so mai kallo ya ɗauka cewa zaɓi biyu ne kawai: ko ɗan filasta, ko a tsaga baya daga wuya zuwa ƙugu. Tarihin aikin bai nuna haka ba. A 1934 ne likitoci biyu a Boston ta Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka bayyana cewa ɓullowar faifai ce ke jawo irin wannan zafin ƙafa kuma ana iya cire ta. A lokacin yankan babba ne. A 1977 Gazi Yasargil, ɗan asalin Turkiyya da ke aiki a Zurich, da Wolfhard Caspar a Jamus, kowa a nasa ɓangaren, suka kawo amfani da madubin ƙara girma a wannan aiki, yankan ya ragu ƙwarai. A 1997 Kevin Foley da Maurice Smith a Amurka suka fito da hanyar zura bututu ta tsakanin tsoka maimakon ɓanɓare ta daga ƙashi. Daga baya aka samu siririyar kyamara da ke shiga ta ƙofar da ba ta kai santimita ɗaya ba. To abin da ake kira tiyatar buɗewa a yau, idan faifai guda za a cire, yanka ne na 'yan santimita kaɗan, tsawon ɗan yatsa ko ƙasa da haka. Bambancin da ake ta kururutawa sau da yawa tsakanin tsawon ɗan yatsa ne da faɗin farce.

Kuma an gwada su gaba da gaba, irin gwajin da masu sharhin waya ke yi wa kyamarori biyu a wuri ɗaya, sai dai wannan da kuri'a ake raba majiyyata. A 2009 mujallar likitoci ta JAMA ta buga sakamakon gwajin da Mark Arts da abokan aikinsa suka yi a Holan kan mutum 328, tsakanin tiyatar bututu da ta madubi da aka saba. Kowa ya zaci sabuwar za ta yi nasara. Bayan shekara guda, kashi 69 cikin 100 na masu bututu ne suka ce sun samu lafiya sosai, a ɓangaren tsohuwar hanya kuwa kashi 79. Da aka ci gaba da bin su shekaru, bambancin ya dushe, suka zama kusan ɗaya. A 2022 kuma mujallar BMJ ta buga wani gwajin, shi ma daga Holan, na mutum 613, wannan karon tsakanin siririyar kyamara da tiyatar madubi. Kyamarar ta yi abin a yaba: ba ta gaza tsohuwar hanya ba wajen kawar da zafin ƙafa, an zubar da jini kaɗan, mutane sun tashi da wuri sun koma gida da wuri, kuma ana yin ta ba tare da an sa mutum dogon barci ba. Waɗanda aka sake yi wa tiyata cikin shekara guda kusan daidai suke a ɓangarorin biyu.

Akwai wani abu a cikin wannan gwaji na 2022 da bidiyon talla ba zai taɓa ambata ba. Masu binciken sun ware majiyyata 125 na farko da likitocin da ke koyon sabuwar hanyar suka yi wa aiki, ba su saka su a babban lissafin ba. Sun yi haka ne domin sun san aiki ta ƙaramar ƙofa yana da wuyar koyo. Likita yana kallon allo, ba ya ganin zurfi yadda ido ke gani, hannunsa na tafiya a fili ƙanƙane kusa da jijiya da fatar da ke lulluɓe da ruwan laka. Kafin hannu ya faɗa, aikin kan ɗauki lokaci mai tsawo, kuma an fi samun barin wani ɓangare na abin da ya danne jijiyar. Duk wanda ya taɓa ba sabon mai gyara wayarsa ya canza masa gilashi ya san cewa kyawun kayan aikin da ke kan tebur ba shi ke hana a tsinke igiyar allo ba. Likitan da ya yi tiyatar buɗewa sau ɗaruruwa ya fi aminci a kan wanda ya dawo daga kwas na mako biyu da sabuwar kyamara, ko da shafinsa na Instagram ya fi kyau.

Wannan ba yana nufin tiyatar huda yaudara ce ba. Amfaninta na gaske ne, kuma wataƙila ya fi nauyi ga mutumin Gwaram fiye da mutumin Holan. A can, kwana uku a asibiti kwana uku ne kawai. A nan, kowane kwana a Kano yana nufin masu jinya biyu ko uku da ke kwana a baranda, abincinsu, kuɗin mota, da gonar da aka bari ba kowa idan abin ya faɗo a damina. Ƙarin jini yana nufin a kira 'yan uwa daga gida, tafiyar fiye da kilomita 100, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin rauni ya fi wuyar ruɓewa, abin da ke da muhimmanci ga mai ciwon suga ko mai jiki sosai, da kuma wanda zai koma ɗakin da zafi da ƙura ba su da magani. Idan aka samu likitan da hannunsa ya faɗa da ita, ciwon kuma irin wanda ta dace da shi ne, kamar faifai guda da ya ɓullo, kuma bambancin kuɗin bai kai a sayar da gona ba, to ita ce zaɓin hankali. Abin da ba za ta bayar ba shi ne lafiyar da ta fi ta ɗaya hanyar bayan shekara ɗaya ko biyu. Ribarta a makonnin farko take.

Tana kuma da nata sharuɗɗan da masu sha'awar na'ura ya kamata su fi kowa fahimta. Tun da likita ba ya ganin ƙashin da idonsa, dole ya dogara da na'urar hoton ƙashi mai siffar baka da ke ɗaukar hoto ana cikin aiki, wanda ke nufin ƙarin tururin hoto a jikin majiyyaci da ma'aikata. Dole allo da fitilar kyamara da famfon ruwa su yi aiki ba yankewa, don haka maganar wuta da janareta ba wasa ba ce. Wasu kayan sau ɗaya ake amfani da su a jefar, daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Idan gilashin kyamarar ya tsage, ba a Sabon Gari za a samu wani ba. Kuma duk likitan da ke yin huda dole ya iya buɗewa, domin idan jini ya ɓalle ko fatar laka ta yage sosai, a kan teburin zai canza hanya.

Sai maganar da ta fi girman yanka muhimmanci nesa ba kusa ba, wadda kusan ba a yin ta a zaurukan WhatsApp: shin za a sassauta wa jijiya ne kawai, ko za a ɗaure ƙasusuwa da ƙarfe? Sassautawa ita ce a kankare ƙashi da naman da suka tsuke ramin. Ɗaurewa ita ce a ƙara da kusoshi da sanduna a haɗe ƙasusuwa biyu ko fiye su zama ɗaya har abada. Ana iya yin kowanne ta huda ko ta buɗewa. A 2016 mujallar New England Journal of Medicine ta buga gwajin da Peter Försth da abokansa suka yi a Suwidin kan mutum 247 masu shekara 50 zuwa 80 da ramin bayansu ya tsuke. Waɗanda aka ƙara wa ƙarfe ba su fi waɗanda aka sassauta wa kawai samun lafiya ba, ko bayan shekara 2 ko bayan 5. Abin da suka fi su da shi shi ne kwana a asibiti, kimanin 7 maimakon 4, da zubar jini, da kuɗi. Wani ƙaramin gwaji daga Amurka a shekarar ya nuna ɗan amfani ga ƙarfen a wasu majiyyata da ƙashinsu ya zame, amma babban gwajin Nowe na 2021 ya sake nuna sassautawa kaɗai ta wadatar ga mafi yawansu. Akwai masu bukatar ƙarfe da gaske, kamar wanda ƙashinsa ke motsi yana zamewa ko bayansa ya karkace. Amma kusoshin su ne suka fi komai tsada a takardar kuɗi. Iyalin da suka yi murna an ce musu za a saka wa Baba kusoshi shida ta ƙananan huda, ba su tambayi ko ana bukatar kusoshin ba, sun yi ciniki a kan kwalin waya sun manta da wayar.

Kalmar lesa ma haka take. Tana da daɗin ji, tana kama da fim. A gaskiya yawancin abin da ke danne jijiyar tsoho ƙashi ne da nama mai tauri, kuma da ƙananan almakashi da injin gurza ake cire su ko da ta huda aka shiga. A Amurka an yi wani kamfani mai suna Laser Spine Institute, mai hedikwata a Tampa ta jihar Florida, wanda ya shekara da shekaru yana cika talabijin da intanet da tallar ƙaramin yanka da komawa gida a rana guda. Ya sha fama da ƙararraki a kotu, kuma a farkon watan Maris na 2019 ya rufe dukan rassansa ba zato, ya bar majiyyata suna neman inda za a ci gaba da duba su. Wannan a ƙasar da ke da hukumomin sa ido masu haƙori ke nan. Mutum-mutumin tiyata da ake nunawa a bidiyo shi ma aikinsa takamaimai ne: yana taimaka wa likita ya saita inda kusa za ta bi. Ba ya yanke shawarar ko a saka kusar.

Batun fita waje ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne dukiyar gida ke tafiya. Akwai ƙwararrun asibitoci a Indiya da Masar, ba wanda ya musa. Amma tsakanin iyali da asibitin yawanci akwai dillali da ke samun kamasho, kuma kamashonsa na ƙaruwa ne da girman aikin. Bayan haka, tiyatar baya ba ta ƙarewa ranar da aka cire zare. Faifan da aka rage yana iya sake ɓullowa. Rauni na iya yin ruwa bayan mako uku. Kusa na iya sassautawa bayan shekara. Idan haka ta faru ga mutumin da ya riga ya dawo Zandam, biza ta ƙare, kuɗi sun ƙare, dillali ya daina ɗaga waya, to Kano za a nufa, wurin likitan da bai san abin da aka yi a ciki ba, wataƙila ma ba shi da irin makullin da ke kwance kusoshin wancan kamfani. Kamar dai wayar da aka sayo daga waje babu garanti babu kayan gyaranta a kasuwa. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ke aiki tun 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano mai sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Ganin likita a ɗayansu kafin a fara maganar fasfo ba zai ci ko kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin jirgi ba. Ko da daga baya aka yanke shawarar fita, an samu wanda ya san majiyyacin kuma zai karɓe shi idan ya dawo.

Akwai kuma dalilin da ya sa likitan gida ke da wani ido da na waje ba lallai ya kasance da shi ba. A arewacin Najeriya ba kowane ciwon bayan dattijo ne tsufa ba. Tarin fuka yana kama ƙashin baya, ya cinye shi a hankali har ya yi ƙusumbi ko ya kashe ƙafafu, kuma babban maganinsa ƙwayoyi ne na watanni, waɗanda ake bayarwa kyauta a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati. Ciwon dajin mafitsara na maza da na mama na mata su ma sukan bazu zuwa ƙashin baya. Ciwon baya da ke tare da rama, zazzaɓin dare, gumi, ko wanda ba ya lafawa ko an kwanta, ba na mai ɗori ba ne, ba kuma na tallar TikTok ba.

Wasu alamomin kuma ba sa jiran bincike a waya ko taron dangi. Idan fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba, idan bayan gida ya kufce, idan tsakanin cinyoyi da mazaunai suka mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa ta fara ja tana raguwa da ƙarfi kullum, to jijiyoyin ƙasan baya ne suka matsu, kuma awanni ake ƙirgawa. A wannan hali a tafi asibiti mafi kusa a ranar, a karɓi takardar turawa, kuma duk hanyar da likitan da aka samu ya iya ita ce daidai. Mutanen da suka tsaya neman kuɗin tiyatar zamani a irin wannan yanayi sukan samu ƙaramin tabo da robar fitsari ta dindindin.

Ga sauran, waɗanda su ne mafi yawa, abin da ke taimakawa ba ya da kyan bidiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma ƙa'idojin da ta fitar a ƙarshen 2023 kan ciwon baya mai daɗewa sun karkata ne ga motsa jiki, gashin ƙashi a hannun ƙwararru, da wayar da kan majiyyaci, tare da gargaɗi a kan magunguna masu sa maye. Wannan gargaɗi ya shafi gida kai tsaye. Tiramadol da ake saya a teburin mai magani ba ya gyara komai a baya, kamu yake yi. Diklofenak da haɗe-haɗen ƙwayoyin ciwon jiki da tsoho ke sha kullum shekara da shekaru suna cin ciki da ƙoda. Doguwar kwanciya ma ƙara sandarar da baya take yi.

Wayar da ke hannun matashin tana da aikin da za ta yi a duk wannan, kuma ya fi kallon talla amfani. Da ita zai rubuta tun yaushe ciwon ya fara, wace ƙafa, taku nawa ko minti nawa Baba ke yi kafin ya nemi wurin zama, domin tsoho a gaban likita yakan ce da sauƙi ko da babu sauƙi. Zai iya ɗaukar bidiyon tafiyarsa duk mako a ga ko ƙafar na ƙara ja. Zai ɗauki hoton kwalin kowane magani da ake sha, har da na gargajiya. A wurin ɗaukar MRI ya nemi a ba shi ainihin hotunan a faifai ko filas, domin hoton fim da aka ɗaga a taga aka ɗauka da waya, WhatsApp kuma ya matse shi, ba ya nuna wa likita na biyu abin kirki. Ya kuma bincika ko majiyyacin na cikin wani tsarin inshorar lafiya, na tarayya ko na jihar Jigawa, da abin da tsarin ke ɗauka da wanda ba ya ɗauka, tun kafin a kai ga ranar biya.

A gaban likita kuwa, cikin ladabi, akwai tambayoyin da ɗa ke da haƙƙin yi a madadin mahaifinsa. Likita, me zai faru idan aka jira wata uku? Zafin ƙafa aikin zai cire ko ciwon bayan, tun da tiyata ta fi iya na ƙafa? Za a saka ƙarfe, kuma idan ba a saka ba me ake tsoro? Irin wannan aiki, ta wannan hanya, sau nawa ake yin sa a nan a shekara? Idan rauni ya yi ruwa bayan an koma Gwaram, wa za a kira, kuma za a iya wankin ciwon a Birnin Kudu? Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan, sau da yawa ma shi zai fara cewa a gwada gashi na wata biyu tukuna a dawo. Tambayar tsawon yanka tana iya zuwa bayan an samu amsar waɗannan biyar, idan har lokacin ganin likita bai ƙare ba.